Amsa ga 'yar uwar da aka kama ƙaninta da takarda a ɗakin jarrabawa

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da na fahimta daga tambayarki shi ne ƙaninki yana aji uku a jami'a, ana tsakiyar jarrabawa mai sa ido ya zaro 'yar takarda mai rubutun darasin daga aljihunsa, shi kuma ya rantse bai ko leƙa ta ba, tun daren da ya yi bita ya manta da ita a wando. An miƙa masa fom ya cike ya ƙi, yanzu ga takardar gayyata zuwa gaban kwamiti. Kina son sanin ko korarsa za a yi, da kuma ko ku nemi wani babba ya sa baki.

Na daɗe ina aiki a ofishin jarrabawa na wata tsangaya, kuma na sha zama ina rubuta abin da aka tattauna a irin wannan kwamiti kafin in bar aiki. Abin da zan faɗa miki daga can na gan shi. Sai dai kowace jami'a da nata kundin ƙa'idoji, don haka kafin komai ki sa shi ya nemo littafin ƙa'idojin ɗalibai da aka ba su lokacin rantsuwar shiga jami'a, ku buɗe babin jarrabawa ku karanta tare, layi bayan layi. Da wannan littafin za a yi masa shari'a. Yawancin ɗalibai ba sa buɗe shi sai ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Bari in fara da mai ɗacin. Maganar "ban duba ba" ba ta wanke mutum. A ƙa'idar da na yi aiki da ita, da ma duk waɗanda na taɓa karantawa, shiga ɗakin jarrabawa da rubutun da ya shafi darasin laifi ne mai zaman kansa, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Haka ma waya, ko da a kashe take. Dalilin kuwa mai sauƙi ne: babu yadda kwamiti zai tabbatar da abin da idon mutum ya kalla, amma abin da aka ciro daga aljihunsa yana nan a kan tebur kowa na gani. Shi ya sa kafin a raba takardun tambaya ake sanarwa cewa duk mai wani abu a jikinsa ya fito da shi. Daga wannan sanarwa, duk abin da aka samu a jikinka naka ne.

Amma kada wannan ya sa ku yanke ƙauna, domin kwamiti yana bambanta wanda aka samu da takarda da wanda aka samu yana kwafa. Abin da ake yi shi ne a ba malamin darasin takardar da aka kama tare da takardar amsar ɗalibin, ya rubuta rahoto: shin rubutun ya shafi darasin, ya shafi tambayoyin da aka yi a ranar, kuma akwai alamar an kwashe daga wannan an zuba a wancan? Wannan rahoto ya fi duk wata rantsuwa nauyi. In da gaske ƙaninki bai duba ba, amsoshinsa za su yi masa shaida. Kuma kamannin takardar ma suna magana. Fallen littafi da aka yi wa rubutun bita na yau da kullum daban yake da 'yar siririyar takarda da aka cunkushe da ƙananan haruffa aka nannaɗe ta kamar laya. 'Yan kwamiti malamai ne, sun ga irin waɗannan ba iyaka, da kallo ɗaya suke gane wadda aka shirya don ɗakin jarrabawa. Ki tambaye shi tsakaninki da shi wace iri ce tasa, kuma ki ce ya faɗa miki gaskiya.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne ƙin cike fom ɗin. Ɗalibai sun ɗauka sa hannu a fom amsa laifi ne, suna ta yaɗa wa junansu cewa in ka ƙi, babu hujja. Ba haka ba ne ko kusa. Fom ɗin wuri ne da za ka rubuta naka bayanin tun abin yana da zafi. In ka ƙi, mai sa ido zai rubuta "ya ƙi ba da bayani", ɗalibai biyu na kusa da kai su sa hannu a matsayin shaidu, shugaban masu sa ido ya sa nasa, a haɗa da takardar a wuce da ita. Ka ga an sami bayanin kowa ban da naka. Sannan a jami'o'i da dama ƙin ba da bayanin shi ma laifi ne da aka rubuta daban. Na ga yarinyar da laifinta na farko gargaɗi kawai zai jawo mata, amma ta fizge takardar ta jefa a baki ta haɗiye. Lalata hujja ya fi abin da ke cikin takardar muni, domin daga nan kwamiti zai ɗauka mafi munin abin da ake zato shi ne gaskiya. Haka wanda ya zagi mai sa ido, ko ya ture shi ya fice da gudu. Da yawan waɗanda na ga an kora, abin da suka yi a mintunan da suka biyo bayan kamun ne ya kore su.

To tunda ya riga ya ƙi, ga abin da ya rage. Ya je zaman kwamitin, a ranar da aka sa, a kan lokaci, da katin shaidarsa. Rashin zuwa ba ya tsayar da komai. Ana sake gayyata, in mutum bai zo ba a yanke hukunci a bayan idonsa, kuma a rubuta cewa an ba shi dama bai yi amfani da ita ba. Ya tafi da rubutaccen bayani, gajere, wanda shi da kansa ya rubuta, ba wanda wani ɗan uwa mai Turanci ya tsara masa ba. Ya amsa cewa takardar tasa ce in tasa ce, rubutun hannunsa yana cikin takardar amsarsa, musu ba zai kai shi ko'ina ba. Ya faɗi yadda ta shiga aljihun. Ya faɗi cewa tsoro ne ya hana shi cike fom, ya ba da haƙuri a kan haka. Ya roƙi a gwada takardar da amsoshinsa. Kada ya ce mai sa ido yana da ƙiyayya da shi sai in yana da shaidar da zai iya kawowa, don za a kira malamin su fuskanci juna, kuma ƙazafin da ya rushe yana ƙara wa mutum nauyi. Kada kuma ya canza labari tsakanin tambaya ta farko da ta biyar. Sukan yi tambaya ɗaya ta fuska uku da gangan.

Game da hukunci, kwamitin ba shi ke da maganar ƙarshe ba. Shawara yake bayarwa, ta hau zuwa majalisar malamai ta jami'a, wato Sanet, wadda shugaban jami'a ke jagoranta, can ake amincewa, sannan magatakarda ya rubuta wa ɗalibi. Shi ya sa abin ke ɗaukar watanni, kuma sau da yawa ana riƙe sakamakon ɗalibin har a gama. Matakan a gurguje: wankewa, gargaɗi a rubuce, soke takardar darasin ya zama sai an maimaita, dakatarwa na zango ɗaya ko biyu, sai kora. Inda ba a cika yin sassauci ba shi ne sojan gona, wato wani ya zauna wa wani, inda ake korar su biyun in duk ɗalibai ne; shigo da takardar amsa da aka rubuto a waje; samun tambayoyi kafin ranar jarrabawa; takardun bogi wajen neman gurbi; da kuma wanda aka taɓa kamawa a baya. Na ƙaninki ya danganta da abin da littafin jami'arsu ya ce. Akwai inda samun rubutun da ya shafi darasin kawai ya isa kora, akwai inda dakatarwa ce a karon farko. Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba.

Sai batun babban da zai sa baki. Kada ku yi. Na san a wurinmu abin da zuciya ke fara kawowa ke nan, a nemi wanda ya san wani. Amma ki gane yadda takardun nan suke tafiya: kafin magana ta iso kwamiti, ta bi ta hannun mai sa ido, jami'in jarrabawa, shugaban sashe da shugaban tsangaya, kowa ya sa hannu ya ajiye kwafi. Babu mutum ɗaya da zai iya ɓatar da ita ba tare da ya jefa aikinsa a wuta ba. Abin da na sha gani shi ne, da zarar an fara buga wa 'yan kwamiti waya, sai su ƙara tsaurara, don kada gobe a ce an saye su. Akwai kuma 'yan damfara, wasu ma a cikin harabar jami'ar suke, masu cewa a kawo kaza za su "kashe maganar". Za su karɓa, in an wanke yaro su ce aikinsu ne, in an kore shi su daina ɗaga waya. In kuma maganar kuɗin ta fito fili, an ƙara masa laifin ba da cin hanci. Wanda ya dace ku gani shi ne malamin da ke kula da ajinsu, da ofishin kula da harkokin ɗalibai. Su za su faɗa masa yadda zaman ke gudana, kuma shaidar malamin aji cewa yaro bai taɓa shiga wata matsala ba tana da amfani.

Ya kamata ku san kuma cewa yana da haƙƙi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa damar a saurare shi cikin adalci, kuma kotuna sun daɗe da cewa wannan ya shafi kwamitocin jami'a. Shari'ar da lauyoyi ke yawan ambata ita ce ta Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986. Ɗalibai ne aka kora bayan wata tarzoma da aka yi a jami'ar a 1983, kotu ta soke korar, daga cikin dalilanta har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna, kuma mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da ta shafe shi. A aikace, wannan na nufin dole a faɗa wa ƙaninki takamaiman laifin da ake tuhumarsa da shi, a nuna masa hujja, a bar shi ya yi magana, kuma wanda ya kama shi shaida ne, ba ɗan kwamiti ba. In hukunci ya fito bai gamsu ba, dokokin da suka kafa jami'o'i sun ba da damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwa ta jami'a cikin wa'adin da aka ƙayyade. A lura da wa'adin nan sosai, kuma a sani cewa hukuncin yana ci gaba da aiki yayin da ake jiran amsa. Kotu ta zama ta ƙarshe, bayan an bi matakan cikin gida. Ni dai ban cika ba da shawararta ba sai in an tauye haƙƙin sauraro ƙarara, domin kafin a gama shari'a abokan karatunsa sun gama bautar ƙasa.

Na ga wani ya ce miki ai za a iya ɗaure shi. Dokar tana nan. A 1984 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 20 da ta tanadi ɗaurin shekara 21 a kan maguɗin jarrabawa, sai a 1999 aka kawo doka mai lamba 33 da ta sauko da shi zuwa 'yan shekaru, uku zuwa huɗu a yawancin laifuffukan, gwargwadon wanda ya aikata. Amma a irin wannan lamari na takarda a aljihu, ban taɓa ganin jami'a ta kai ɗalibinta gaban alƙali ba. Waɗanda na ga an miƙa wa 'yan sanda 'yan sojan gona ne da aka ɗauko haya daga waje, tunda su jami'a ba ta da abin da za ta kore su daga ciki.

Tunda yana aji uku, ki ja masa kunne a kan abin da ke gabansa, wato kundin binciken kammala digiri. Satar fasaha, wato kwafe rubutun wani ka ce naka ne, ita ma tana cikin littafin nan, kuma ta fi takardar aljihu daɗewa tana bin mutum, don kundin yana zaune a ɗakin karatu da sunansa a bango. Yanzu jami'o'i da yawa suna saka aiki a manhajar Turnitin ko makamanciyarta, ta nuna sakin layin da aka kwaso daga wani wuri. Sayen tsohon kundi a shagon buga takardu a canza suna, ko a ba ChatGPT ya rubuta babi sukutum, duk ranar da ɗalibi zai kare kundinsa a gaban malamai ake tona asirinsu, in malami ya ce buɗe shafi kaza ka yi mana bayani. Sanet tana da ikon janye digiri ko bayan an ba da shi. Ba a nan kaɗai ba: a 2011 Jami'ar Bayreuth ta Jamus ta ƙwace digirin digirgir na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda kwafe, ya kuma sauka daga muƙaminsa. Wanda ya taɓa shiga gaban kwamiti sau ɗaya, fayil ɗinsa na ɗauke da wannan, karo na biyu ba za a duba shi da idon rahama ba.

Kafin hukunci ya fito, ya ci gaba da shiga aji da rubuta sauran jarrabawarsa, matuƙar ba a ba shi takardar da ta hana shi ba. Na ga waɗanda suka tattara kaya suka koma gida don kunya, daga baya aka wanke su, amma sun riga sun tara darussan da ba su zauna ba. In dakatarwa ce ta fito, ya karɓi wasiƙar da hannunsa ya adana, ya duba ranar da aka ce ya dawo, ya nisanci ɗakin kwanan ɗalibai da azuzuwa a tsawon wa'adin, don ganinsa a can wani laifin ne. In lokaci ya yi ya rubuta takardar neman dawowa ta hannun shugaban sashensu, ya yi rajista a kan kari. Ki tambaya masa kuma ko zangon da aka dakatar da shi yana shiga lissafin iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi kafin ya kammala, domin wannan ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma jami'in jarrabawar sashensu ne zai ba shi amsa.

In kin samu littafin, ki turo shafin da ya yi magana a kan shiga da rubutu ɗakin jarrabawa, ki rufe sunansa da lambarsa, sai mu duba abin da ya tanada tare. Allah ya kawo sauƙi.