Tarakta na ɗaga kai tun da mai walda ya ɗaga mata wurin jan tirela

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A Zariya nake zaune, gonata tana wajen Giwa. Bara na sayi ƙaramar tarakta ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, mai ƙarfin doki 35, tare da rotabeta (injin nan mai haƙora da ke juyawa yana farfasa ƙasa) da tirela mai taya biyu. Da kaka in muka loda buhu 30 na masara, sai tayoyin baya su riƙa juyawa a wuri ɗaya, musamman wajen haurowa daga fadama. Wani mai walda ya ce wurin maƙala tirelar ne ya yi ƙasa, ya haɗa mana wani ƙarfe a sama, daf da bayan kujera. Gaskiya santsin ya ragu, amma sau biyu ke nan tana ɗaga kai, tayoyin gaba suna barin ƙasa. Ƙanena ne ke tuƙa ta, hankalina ya kasa kwanciya. Mai waldar ya ce a ɗaura buhun yashi a gaba, shi ke nan. Sannan notin da ke kan shaf ɗin rotabeta yana yawan karyewa, an ce in sa mai ƙarfi. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, kira ƙanenka ka ce kada ya sake maƙala tirela a jikin ƙarfen nan, ko da babu kaya a cikinta. Rashin kwanciyar hankalin da kake ji yana kan hanya. Sau biyun nan da ta ɗaga kai ta dawo, Allah ne ya tsare muku shi.

Bari in fara sallamar maganar noti, don ita gajera ce. An yi notin nan ne don ya karye. In haƙoran rotabeta suka ci karo da kututture ko marmara, shi ne zai tsinke, giyar rotabetar da ta tarakta su tsira. Ka duba lambar da ke kan na asali, ka sayi mai lamba ɗaya da kauri ɗaya, guda goma, su zauna a akwatin kayan aiki. Kada ka bari a sa maka mai lamba 10.9 ko 12.9 don wai ya fi ƙarfi, kuma kada a yi masa walda. In yana karyewa kullum, to ko dai ana jefa rotabetar cikin ƙasa da ƙarfi, ko ana shiga gona kafin ruwa ya jiƙa ta, ƙasar wajenmu kuwa in ta bushe tauri gare ta. Kuma murfin shaf ɗin ya zauna a wurinsa. Shaf ɗin PTO, wato sandar da ke kai ƙarfin injin tarakta zuwa rotabeta, yana juyawa sau 540 a minti, sau 9 ke nan a daƙiƙa ɗaya, in ya kama hannun riga ko bakin rawani babu mai ƙwatar kansa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Wannan magana ta cewa a ɗaga wurin ja don tarakta ta danne ƙasa, na gaji da jin ta. Ina jin ta a Sabon Gari, ina jin ta a Hunkuyi, ina jin ta a hanyar Soba, kuma masu faɗar ta da gadara suke faɗa, don suna da shaidar ido: santsi ya ragu. Haka ne, ya ragu. Amma ba su tsaya sun tambayi kansu daga ina nauyin da ya danne tayoyin baya ya fito ba. Daga tayoyin gaba aka ɗebo shi. Duk abin da ka ƙaru da shi a baya, a gaba ka rasa shi, ga shi kuwa sitiyari a gaba yake.

Ka san injin yana murɗa tayoyin baya ne ta aksil, wato sandar da tayoyin ke maƙale a jikinta. Ƙarfin da yake murɗa taya gaba, shi ne daidai yake ƙoƙarin murɗa jikin taraktar baya. In taya ta sami damar juyawa, lafiya lau. In ta kafe, ko kayan da ake ja suka ƙi motsi, injin ba ya tsayawa ya yi shawara, sai jikin taraktar ya fara juyawa a kan aksil ɗin, hancin ya tashi. Saboda wannan ne kowane kamfani, daga Massey Ferguson zuwa Kubota da Mahindra, yake sa ƙarfen ja a ƙasa da aksil ɗin baya. In hanci ya fara tashi, ƙarfen ja yana ƙara yin ƙasa, kayan da ke baya su janyo hancin ya dawo, tayoyi su yi santsi a wurin, magana ta ƙare a kan ɗan mai da aka ƙona. Santsin da mai waldarka ya ɗauka ciwo ne, shi ne ƙofar da aka bar wa ƙarfin injin ya fita in kaya sun fi ƙarfin tarakta. Shi kuma ya zo ya toshe ƙofar.

In ka maƙala kaya a sama da aksil, komai ya juye. Kayan da a da suke danne hanci, yanzu su ne ke taya injin ɗaga shi. Masu binciken haɗarin tarakta sun auna lokacin: cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya tarakta tana iya kai wa inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kife. Direbobi suna ce mini, “Ai in ta tashi kuloci zan taka.” A kan kujerar da ke kwanciya baya, jikinka yana zamewa, ƙafarka tana barin feda, hannunka yana neman abin kamawa, a nan za ka lalubo kuloci cikin ƙasa da daƙiƙa? Wanda ya ci sa'a sau biyu ya ɗauka gwaninta ce. Kuma in ta kife ta baya, a kan kujera take faɗawa, sitiyari a ƙirjin direba.

Na taɓa zuwa wata gona bayan irin wannan. Yaro ne matashi, an ba shi aikin tumɓuke kututturen ɗorawa. Ya ɗaura sarƙa a inda hannun sama na garma ke shiga, don wurin ya fi sauƙin kaiwa, ya ɗan ja baya ya fizga. Waɗanda ke wurin sun ce ko salati bai ƙarasa ba. Abin da na ji a wajen zaman makoki shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma an koya mana mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Wanda ya san haɗarin ya yi shiru, da wanda bai sani ba ya karɓi kuɗi ya yi waldar, kowannensu yana da tambayar da zai amsa. Ni dai tun daga ranar ba na iya wuce tarakta mai irin wannan ƙarfe ban tsaya na yi magana ba, ko da za a ce na cika shisshigi.

Ba raina masu walda nake yi ba. Na ga rija da haro da masussukar masara da aka ƙera a Zariya waɗanda suka fi na kanti juriya, kuma ba don su ba da rabin taraktocin yankin nan suna kwance. Amma iya haɗa ƙarfe daban, sanin inda nauyi ke tafiya daban. Abin takaici, duk wanda ya iya kunna tarakta ya kai ta ƙarshen kunya sai a miƙa masa makulli. Babu mai tambayar ina ya koya. Taraktocin hannu suna shigowa babu littafinsu, in ma akwai, da yaren da ba mai karantawa. Ga mu da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Kwalejin Aikin Gona a ƙofar gida, amma ilimin yana cikin aji, direban yana Giwa, kowa na harkarsa.

Buhun yashin da aka ce ka ɗaura a gaba gyaran gangar Auzinawa ne. Nauyin gaba yana da amfaninsa in kana ɗauke da rotabeta ko haro a hannuwan haidirolik, don aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyin tarakta ya kamata ya zauna a kan tayoyin gaba kafin sitiyari ya ji magana. Amma ba ya gyara wurin ja da ke sama. Abin da zai yi shi ne ya ba ƙanenka ƙwarin gwiwar ƙara kaya, ranar da za ta tashi kuma ta tashi da buhun yashin duka.

To me ya sa take santsi tun farko? Lodin ya yi mata yawa. Buhu 30 na masara tan 3 ne, ban da nauyin tirelar kanta, alhali tarakta irin taka da wuya ta wuce tan ɗaya da rabi sosai. Ƙa'idar da kamfanoni ke rubutawa ita ce, tirela marar birki kada nauyinta da kayanta ya wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi. Ka yi lissafi da kanka, za ka ga buhu 15 ne lodinka, ko ɗan sama kaɗan a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Na san sawu biyu ya fi cin mai da lokaci. Amma ka tuna da gangara, inda tan uku da wani abu ke turo tan ɗaya da rabi daga baya, birki kuma a tayoyin tarakta kawai yake.

Bayan rage kaya, ka duba tayoyin. Masu faci sun saba da mota, sai su dura wa tayar tarakta iska 30 ko 35 a ma'aunin PSI, ta yi tauri kamar dutse, haƙora biyu kawai ke taɓa ƙasa. Tayar baya ta ƙaramar tarakta a gona yawanci tsakanin 12 da 16 take so, ka duba abin da aka rubuta a jikinta. Ka duba kuma ko an juya ta baibai wajen faci: in ka tsaya a baya ka kalli saman tayar, tsinin zanen gaba ya kamata ya nuna. Sannan ka sa a zuba mata ruwa. A juya tayar bakin iska ya dawo sama, a cika har ruwan ya kai bakin, wato kashi uku cikin huɗu, sauran a bar wa iska. Taya mai lamba 12.4-28 tana shan sama da lita 100, ka ga ka sami fiye da kilo 200 a tayoyi biyu, a ƙasa, inda nauyi ba ya cutarwa. Turawa suna haɗa ruwan da sinadari saboda ƙanƙara, mu ko hunturun Samaru bai kai ga daskarar da ruwa ba, ruwa mai tsabta ya isa. Kuma kada ka sa ran santsi ya tafi gaba ɗaya. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a aikin gona daidai ne.

In matsalar ita ce bakin tirelar ya fi ƙarfen ja tsayi, wanda nake zato, don yawancin tirelolin nan an ƙera su ne don manya irin Massey Ferguson 375, to tirelar za a gyara. A yanke bakinta a sauko da shi ya yi daidai da ƙarfen ja na asali, ta zauna a miƙe. Wannan aiki ne da mai walda zai yi da kyau. A sa fil mai kauri daidai ramin, da makullinsa a ƙasa, ba guntun rodi ba. In kuma taraktarka irin mai ƙarfen ja mai ramuka ce da ke tsakanin hannuwan haidirolik biyu, dole a sauke shi ƙasa a ɗaure shi da ƙarafan da ke riƙe shi, don in aka bar shi sake, taɓa liba ɗaya zai ɗaga shi sama da aksil, ka koma gidan jiya.

Ka zaunar da ƙanenka ka faɗa masa waɗannan da bakinka. In ta kafe a taɓo, da baya ake fita, kuma kada wani ya ba shi shawarar ɗaura gungume a jikin taya, don taya da aka hana juyawa ita ce ainihin abin da muke gudu. Wajen haurowa daga fadama ya zaɓi ƙaramar giya tun daga ƙasa, ya saki kuloci a hankali, kada ya canja giya a tsakiyar hawa. A kan titi ya haɗe fedojin birki biyu da makullinsu. Yara da 'yan lodi kada su hau kan murfin taya ko bakin tirela.

Ba ka faɗa mini ko taraktar tana da ƙarfen kariya a bayan kujera ba, wanda ke tsaye kamar ƙofa. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mace-macen kifewa sun ragu ƙwarai a can. Mu a nan cire shi ake yi don a wuce ƙarƙashin mangwaro, ko a sayar, a maye gurbinsa da rumfar bututun ruwa. Rumfar nan rana kawai take tarewa, in tarakta ta faɗa a kanta lanƙwashewa za ta yi. In na asalin yana nan, a mayar da shi da notinsa na asali, kada a huda shi, kada a yi masa walda, kuma direba ya ɗaura bel. In babu shi, ka sa masu kayan taraktocin hannu su nemo maka wanda ya dace da samfurinta.

Ƙarfen da aka haɗa a bayan kujera kuwa, kada ka ce za a bar shi a daina amfani da shi. Muddin yana nan, wata rana wani mai sauri zai maƙala. A yanke shi gobe da safe a gabanka, sannan a wanke wurin a duba ko zafin walda ya tsaga murfin haidirolik ɗin, don irin wannan ƙarfen zubi ba ya son wuta. In ka ga tsaga ko mai yana tsattsafowa, ka turo mini hotonsa kafin a ɗaura mata rotabeta.