Tambaya da Amsa: Karatun Aƙida da Falsafar Turawa, Wanne Ake Gabatarwa?

Wasiƙun wannan wata daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya suke kewayawa. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malamai, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina shekara ta biyu a Kulliyyar Da'awa da Usuluddini. Duk hutun da na koma gida sai samari su tare ni da maganganun da suka kwaso a Facebook, wai Dikart ya ce, wai Kant ya ce, wato manyan masana falsafar Turawa, ni kuwa ban san su ba sai a littattafan raddi. Ina so in karanta da kaina, abokan ɗakina suna cewa haramun ne. Ina mafita, kuma ta ina zan fara? Ɗalibi daga Madina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gardamar da kuke yi a ɗakinku ta girme ku duka. Ibnus Salah da Nawawi sun haramta shagaltuwa da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin auna hujja da ake shiga falsafa ta kansa, Gazali kuwa a gabatarwar Mustasfa cewa ya yi wanda bai san shi ba, ba a amincewa da iliminsa. Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci suka yi da Suyuɗi, shi yana kare manɗiƙi, Suyuɗi yana hanawa. Ahalari, wannan dai mai littafin tsarki da sallah da ake farawa da shi a zaure, ya kawo ra'ayoyi uku a cikin Sullam, waƙensa na manɗiƙi, ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai kaifin basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Wannan fa a kan manɗiƙi ne, wanda ma'auni ne kawai. Idan aka zo maganar 'yan falsafa a kan Ubangiji, sharaɗin ya fi haka tsauri. Amma ka duba Dar'u Ta'arudil Aƙli wan Naƙli na Ibnu Taimiyya, mujalladi 11 har da fihirisa: mutumin da bai bi Ibnu Sina da Razi da Ibnu Rushdi layi-layi ba, ba zai iya rubuta shi ba. Gazali ma ya kira raddin mazhaba kafin a fahimce ta jifa a duhu.

Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne rashin tsari. Aƙida ce a gaba, kuma ba hadda kaɗai ba. Ga gwaji: rufe Tadmuriyya ta Ibnu Taimiyya, ka samu yaro ɗan sakandare, ka yi masa bayani da Hausa cewa magana a kan wasu siffofin Allah daidai take da magana a kan sauran, kuma magana a kan siffofi daidai take da magana a kan zati. In ka kasa, da sauranka, ka ƙara zango ɗaya a nan. Wanda ya zo daga gida da Ummul Barahina ta Sanusi kada ya yar da ita. Ko ya yarda da Ash'arawa ko bai yarda ba, buɗewarta a kan wajibi da mustahili da ja'izi (abin da dole ya kasance, da wanda ba zai yiwu ba, da mai yiwuwa) a hankalce zai buƙace ta a kowane shafi nan gaba.

Sai manɗiƙi. Sullam baiti 140 ne da 'yan kai. Baiti 5 a rana, wata ɗaya ka sauke, tare da sharhin Damanhuri. Daga nan ka ɗauki kashin farko na Adabul Bahsi wal Munazara na Shaikh Muhammadul Amin Shanƙiɗi, wanda ya rasu a 1393 bayan hijira. Saboda ɗaliban jami'arku aka rubuta shi, kuma kashin farkon gaba ɗaya manɗiƙi ne, ka nuna wa abokan ɗakinka. Bayan waɗannan biyu ne Raddu alal Manɗiƙiyyin, raddin Ibnu Taimiyya ga masu manɗiƙi, zai yi maka amfani. Da yawa da shi suke farawa, sai su haddace cewa an rusa ƙiyasin Arisɗo, masanin falsafar Girka, alhali ba su san mene ne haddul ausaɗi ba, wato kalmar da ke haɗa muƙaddimomi biyu na ƙiyasi. Irin wannan ɗalibi tambaya biyu ke tsayar da shi.

Mataki na uku littafin tarihin falsafa ne guda ɗaya, daga bango zuwa bango, shafi 10 a rana. A Larabci na Yusuf Karam ya fi tsari, kashi uku ne: Girkawa, tsakiyar zamani, sai na zamani. Ka dai sani shi Kirista ne mabiyin Toma Akwini, da ma'auninsa yake auna kowa. Na Rasal, masanin falsafa ɗan Birtaniya, wanda ya fito a 1945, ya fi daɗin karatu, sai dai mutumin ba ya ga-maciji da addini, kuma ana jin haka a alƙalaminsa. Ba ma ba mai farawa shawarar sa. In ka gama tarihi, ka kama matani na asali guda ɗaya: Ta'ammulat na Dikart, wanda ya fito a 1641, fassarar Usman Amin. Babi shida ne, ka ba kowanne mako guda.

Awa 4 a mako ta isa lokacin zango, kuma Alƙur'ani da aƙida su ninka wannan. Kada ka haɗa littafi biyu. Kada ka karanta ba alƙalami. Kowace hujja ka warware ta a takarda, muƙaddima ta 1, ta 2, ta 3, sai natija. Ɗauki shubuhar da samarin nan suka fi kawowa: Allah mai iko ne, Allah mai rahama ne, ga sharri a duniya, saboda haka wai akwai warwara. In ka jera su za ka ga natijar ba ta fita daga ukun nan, sai an cusa ta huɗu da ba a furta ba, wato mai rahama dole ya kawar da kowane sharri nan take, kuma babu hikimar da za ta sa ya bar shi. A kan wannan ta huɗun ake fafatawa, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon zama a kanta a Shifa'ul Alil. Shubuhar da aka bari a dunƙule ita ke kwana a zuciya. Ka samu malami ɗaya a sashen aƙida da za ka riƙa kai wa abin da ya shige maka duhu duk mako, kada ka tara su. Duk tafiyar nan shekara ɗaya da rabi ce ga mai naci.

TAMBAYA: Malamai, yarona yana aji ɗaya na sakandare a nan Makka. Ya zo da wani littafi wai Tafkirun Naƙid, maƙwabciyata a Shari'a Mansur ta ce falsafa ce, tana lalata imani. In hana shi? Uwa daga Makka.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kada ki hana shi. Darasi ne na manhajar gwamnati da aka shigo da shi a 2021, kuma mafi yawan abin da ke ciki shi ne bambanta ra'ayi da hujja, yadda ake ƙiyasi da istiƙra'i (fitar da hukunci daga bibiyar misalai), da gane ruɗu a cikin magana. Masu usulul fiƙhi sun daɗe suna koyar da irin wannan da wasu sunaye. Abin da za ki sa wa ido daban ne. Yaro ɗan shekara 15 in ya ɗanɗana daɗin "mene ne dalilinka?" sai ya fara jefa wa kowa ita, har mahaifinsa. Kada a ce masa yi shiru, wannan ke koya masa cewa addini ba shi da amsa. A ce masa tambayarka ta yi kyau, a kai shi wajen mai sani. Kuma a nuna masa cewa kowane abu da irin dalilinsa: lissafi da burhani, wato hujjar hankali yankakkiya, magani da gwaji, labarin gaibu da ingancin wanda ya kawo shi. Wayar da ke hannunsa da daddare ta fi littafin nan buƙatar kulawarki.

TAMBAYA: Na ji wani mai wa'azi yana cewa Hiyum, masanin falsafar Turawa, satar maganar Imamu Gazali ya yi a kan sababi, Turawa suka ɓoye. Gaskiya ne? Ma'aikaci daga Jidda.

AMSA: Malam, kamannin na nan, amma kalmar sata ta yi nauyi, kuma tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Gazali ya rasu a 1111. A mas'ala ta 17 cikin 20 na Tahafutul Falasifa ya kawo misalin wuta da auduga. Ka kusanta su, auduga ta ƙone ta koma toka. Me idonka ya gani? Ya ga ƙuna ta faru a lokacin haɗuwa, bai ga cewa wutar ce ta wajabta ta ba. Da Larabci, ido ya shaida "indahu" (a lokacinsa), bai shaida "bihi" (da shi) ba. Mai aikatawa Allah ne, haɗuwar kuma al'ada ce da Ya gudanar, in Ya so Ya saɓa ta. Manufarsa a fili take: wutar Annabi Ibrahim da sandar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su, su kasance ja'izi a hankalce.

Hiyum, mutumin Sikotlan, ya rasu a 1776. A littafinsa na 1748 a kan fahimtar ɗan'adam ya kawo ƙwallaye biyu a kan teburin wasa, ɗaya ta bugi ɗaya ta motsa. Shi ma ya ce ba mu ga wata tilas a tsakani ba, maimaituwa muka gani, sabo ne ya sa zuciya ke tsammani. Har nan tafiyarsu ɗaya. To amma Hiyum bai mayar da aikin ga Allah ba, a sabon zuciya ya tsaya. Da ya kai babi na 10 sai ya juya wannan maimaituwar ta zama makami: tun da abin da aka saba gani bai taɓa saɓawa ba, in ji shi, shaidar masu ba da labarin mu'ujiza ba za ta rinjaye shi ba. Ƙofa ɗaya suka shiga, ɗaya ya fito yana tabbatar da mu'ujiza, ɗaya yana kore karɓar labarinta. Wanda ya ce maganarsu ɗaya ce, ya jingina wa Gazali abin da ya rubuta littafin domin rusawa.

Wanda Hiyum ya karanta har ya ambata da suna shi ne Malbaransh, wani limamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1715, mai cewa Allah kaɗai ne sababi na haƙiƙa. Maganar Gazali kuwa ta shiga Latin ne ta cikin raddin da Ibnu Rushdi ya yi mata, domin yana kawo ta kafin ya amsa. Kuma kada a ɗauka duk Musulmi a kan ra'ayin Gazali suke. Ibnu Rushdi ya ce wanda ya kore sababi ya kore hankali. Ibnu Taimiyya, ta wata hanya daban, ya ce Allah Ya sanya ƙarfin ƙonawa a cikin wuta da gaske, yana kafa hujja da ayoyin da suka ce an saukar da ruwa aka fitar da tsirrai "da shi". Harafin ba'un nan guda ɗaya na "bihi", a kansa mazhabobi suka rabu.

TAMBAYA: Ina digiri na biyu a aƙida. Na sayi fassarar Larabci ta babban littafin Kant, na yi shafi 40 ban fahimci komai ba, alhali kalmomin duk na san su. Larabcina ne ya gaza? Ɗaliba daga Riyad.

AMSA: Malama, Larabcinki lafiya lau. Sanin kalmomin ne ma ya yaudare ki. Masu fassara sun ari kalmomin mutakallimai, malaman ilimin kalam masu kare aƙida da hujjar hankali, suka zuba musu wata ma'ana. Ɗauki "jauhar". A wajen mutakallimai ƙwaya ce da ba ta rabuwa. A wajen Arisɗo abu ne mai tsayuwa da kansa, kamar wannan doki ko wancan mutum. Dikart ya raba halitta gida biyu, jauhari mai tunani da jauhari mai faɗi da tsawo, Isbinoza, masanin falsafa ɗan Holan, kuma ya ce jauhari ɗaya ne tak. "Aƙal" ma haka. Na Alƙur'ani aiki ne, mutum ya hankalta. Na Farabi da Ibnu Sina halittu ne guda 10 marasa jiki. Kant kuwa ya raba shi: fahimta, mai tsara abin da gaɓoɓi suka kawo, da hankali, mai neman tsallake iyakar abin da aka gani. Ko "hadis" (fararre, ba hadisin Annabi ba) da kika saba da shi a ma'anar abin da rashi ya gabace shi, Ibnu Sina yana iya kiran duniya da shi yana nufin mai dogara da waninta, alhali a wajensa ba ta da farko a zamani.

Ki samu littafin rubutu ki tsaga kowane shafi gida huɗu: kalma, ma'anarta a nassi, ma'anarta a wajen mutakallimai, ma'anarta a wajen wanda kike karantawa. Ta'arifat na Jurjani a dama, Mu'ujamul Falsafi na Jamil Saliba, mujalladi 2, a hagu. Ƙa'idar da kuka karanta a aƙida ce dai, cewa lafazi mai harshen damo ba a karɓa ba a korewa sai an tambayi mai shi me yake nufi.

Sannan ki ajiye babban littafin nan na Kant, na 1781, tukuna. Kant da kansa ya ga mutane sun kasa shi, ya rubuta gajeren share fage a 1783, da shi ake farawa. A cikinsa ne ya ce Hiyum ya tashe shi daga barci, don haka wanda bai karanta Hiyum ba zai ji amsa ne ba tare da ya ji tambayar ba. Dikart, Hiyum, share fagen, sannan babban. In kin koma gare shi, ki yi alama a inda ya jera hujjoji biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya cewa duniya tana da farko a zamani, ɗaya cewa ba ta da shi, ya ce hankali na iya kafa kowacce. Wurin nan kai tsaye yake taɓa dalilin hudusi, wato hujjar cewa duniya fararriya ce, da kika karanta a kalam. Ki buɗe mas'ala ta 1 ta Tahafut kusa da shi, ki jera muƙaddimomin kowanne a takarda ɗaya, ki kai wa mai duba kundinki.