Maganin gara a akurkin kaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gara ta dame ni a gida, na sayo magani a kasuwar Hadeja, an rubuta Fipronil a jikin kwalbar. Ya yi aiki sosai. Ragowar zan iya fesa wa kajina da zabina saboda ƙuma, in kuma ɗan yayyafa a rumbu? Daga wani manomi a Auyo, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fesa, ko a akurki ko a rumbu.

Fifronil sinadari ne da ke ɗauke da fulorin da farar wuta a ƙirarsa. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ne ya gano shi a 1987, ya shiga kasuwa a 1993. Jijiyoyin ƙwaro yake rikitawa, kuma ba nan take yake kisa ba. Shi ya sa ya yi maka maganin gara: wadda ta taka shi sai ta koma cikin 'yan'uwanta ta shafa musu kafin ta mutu.

To, inda gizo ke saƙar shi ne ba ya narkewa sosai a ruwa, kitse yake bi. In ya shiga jikin kaza, can yake maƙalewa a kitsenta da gwaiduwar ƙwanta, ya daɗe bai fita ba, dafuwa kuma ba ta kawar da shi. A 2017 an fesa shi a gonakin kaji a Holan da Beljiyam don kashe ƙwarin jikin kaji, ƙarshenta sai da aka kwashe miliyoyin ƙwai daga shaguna a Turai. In ka fesa, ƙwan kajinka 'ya'yanka ne za su fara ci, ragowar a kai kasuwa. Zomo kuwa kashe shi yake yi. Ƙudan zuma da kifi ma haka, don haka kai da kake kusa da fadama kada ka wanke famfon feshi a kogi ko kududdufi.

Ƙumar kaji, share akurki ka ƙone dattin, ka zuba toka, sannan ka nemi likitan dabbobi ya ba ka maganin da aka yi don kaji. Hatsi da wake kuma buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ya ishe su.

In za ka sake yin feshin gara, sa safar hannu ta roba da takunkumi da riga mai dogon hannu, iska na bayanka, kuma ban da cin goro har sai ka wanke hannu da sabulu. Kwalbar ta zauna inda yaro ba zai kai ba. Kada a juye shi a gorar lemo. Ta nan ake yawan samun tsautsayi.

Wanda ya sha yakan yi amai, jiri, ciwon kai da gumi, wani har jijjiga. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin wannan guba ba ta da makari na musamman, kuma maganin da likita zai bayar ya bambanta da na sauran magungunan feshi da aka saba gani.