Leɓe Ya Mutu Bayan Dashen Haɓa: Tambayoyinku da Amsoshin Likita

Assalamu alaikum. Shekarun baya ba na samun tambaya sam a kan dashen haɓa, wato tiyatar da ake dasa roba a kan ƙashin haɓa don gyara siffarta, yanzu kuwa saƙo na bin saƙo, daga masu yi a Legas da Abuja da masu tafiya Istanbul ko Alƙahira. Na ware waɗanda suka shafi mutuwar leɓe, tunda shi ne ya fi tayar muku da hankali.

Likita, yau kwana 9 da aka yi mini dashen haɓa. Leɓena na ƙasa kamar ba nawa ba, in na kurɓi ruwa sai dai in ga ya zubo a riga. Haka zan dawwama? (Wata 'yar'uwa daga Abuja)

Da wuya, in Allah Ya yarda. Akwai wata jijiyar ji da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙi, ta fito ta wata 'yar ƙofa a ƙasan ƙananan turame, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ita ke kai saƙon taɓi da zafi da sanyi daga leɓen ƙasa da fatar haɓa da dasashin gaba. Robar da ake dasawa, ta silikon ce ko waninta, fukafukanta a ƙasan wannan ƙofa suke kwanciya, don haka wajen buɗa mata wuri sai an ɗan ja jijiyar, ga kuma kumburi yana danne ta. Yawanci jin yakan fara dawowa cikin 'yan makonni, wasu kuma sai sun yi watanni. Amma ki karanta amsa ta uku da kyau, akwai lokacin da zaman jira yake zama kuskure. Kuma ko yau kika ga zazzaɓi, ko mugunya, ko wari daga ɗinkin, ko kumburin yana ƙaruwa maimakon ya sace, asibiti za ki nufa.

Wata guda da aikina, yanzu wurin yana mini tsikari kamar minjirya, ga ƙaiƙayi amma in na sosa ba na jin susar. Lalacewa yake yi? (Daga Kaduna)

A'a, farfaɗowa yake yi. Kamar ƙafar da aka daɗe a kanta a zaman makoki ce, in za ta dawo sai ta yi tsikari. Ki daina susar dai, za ki ji wa kanki ciwo ba ki sani ba.

Likita, ƙanwata ta je waje an yi mata aikin haɓa, ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Yau sati 5, ɓangaren hagu na leɓenta ko tsinke aka soka ba ta ji, kuma babu wani canji tun ranar farko. Mahaifiyarmu ta ce iska ce ta shafe ta a hanya, kullum safe da yamma tana gasa mata wurin da tsumma da ruwan zafi, tana shafa man zafi. Yanzu an ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho a haɓar. Me za mu yi? (Daga Kano)

Malama, kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki je ki sauke ruwan nan daga kan wuta. Ina nufin yau.

Abin da ke sa mutum ya janye hannunsa daga garwashi shi ne jin zafi. Ƙanwarki ba ta da wannan mai gadi a leɓenta yanzu. Hajiya za ta ɗora tsumma ta ce "da zafi?", ita kuma ta ce "a'a", sai a ƙara mai zafin. Na taɓa duba wata matashiya da aka yi wa irin wannan gashi. Da na ɗaga mayafinta, bororo ne jere daga gefen baki zuwa ƙasan haɓa, ɗaya ya fashe yana ruwa, ita kuwa tana mini murmushi tana cewa ai ba ya mata ciwo. Jinta ya dawo daga baya, tabon ƙunar kuwa yana nan. Ta kashe kuɗinta don fuska ta yi kyau, ta tashi da tabo. Wallahi abin nan yana ba ni takaici, domin gashi bai taɓa tayar da jijiya ba. Man zafi ma haka, da tafarnuwar da wasu ke dakawa su ɗaure a wurin, duk ƙona fata suke yi.

Ƙaho kuwa ko kusa kada a fara. A ƙarƙashin fatar nan akwai baƙon abu kwance a kan ƙashi. Jini ba ya ratsa roba, saboda haka in ƙwayar cuta ta shiga ta tsagar aska ta maƙale a jikinta, maganin sha ba ya cika korar ta, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire robar ɗungurungum. Ba na raina wanzamai, amma wannan ba hurumin aska ba ne.

To, ga abin da ya fi damuna a saƙonki: sati 5, gefe ɗaya, babu ji ko kaɗan, babu tsikari, babu canji. Tun 1943 wani likitan Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida uku, kuma har yau da shi muke aiki. Ki ɗauki wayar cajar waya. Wani lokaci taka ta kawai aka yi, ba ta tsinke ba, da an ɗaga ƙafa wuta za ta dawo. Wannan kan warke cikin kwanaki ko makonni. Wani lokaci zaren ciki ne ya tsinke amma rigar waje tana nan, to jijiya takan sake tsirowa ta cikin rigar, kimanin milimita 1 a rana, shi ya sa ake ɗaukar watanni. Na ukun shi ne an yanke ta gaba ɗaya, wannan kuwa ba ta haɗuwa daidai sai an ɗinke. A dashen haɓa na farkon ya fi yawa, na ukun ba kasafai ba. Sai dai akwai tarko: fiffiken robar yana iya gocewa sama ya zauna a kan jijiyar, wato ƙafar da ta taka wayar ba ta ɗaga ba. Jijiyar da aka danne kwana biyu daban take da wadda aka danne wata huɗu. Shi ya sa in aka yi sati 2 zuwa 3 wuri ya mutu murus babu alamar motsi, likitocin wannan fanni ba sa cewa a ci gaba da jira, sukan duba ko za a sauke robar ƙasa ko a rage fiffiken. In ma ɗinkin jijiya ake bukata, an fi samun nasara a watannin farko. Ƙanwarki ta riga ta wuce lokacin a duba ta.

Na san wanda ya yi aikin yana wata ƙasa, wataƙila ma sai dai saƙon WhatsApp ya ce mata ta yi haƙuri. Ba sai ta sake sayen tikitin jirgi ba. Ku je sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tunda a Kano kuke. Waɗanda ke kusa da Zariya akwai na Shika, haka Sakkwato da Maiduguri. Ta riƙe duk takardun da aka ba ta, musamman wadda ta nuna irin robar da girmanta. Za a gwada jinta da auduga da tsinin allura, wataƙila a ɗauki hoton ƙashin a ga inda robar ta zauna.

Kuma don Allah ta faɗa wa likita gaskiya. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Maganar Hajiya kuma, ke ce babba, ki san yadda za ki lallaɓa ta. Ba don mugunta take gashin ba, abin da ta sani ke nan tun daga jego. Addu'a da tofi a ci gaba da su, ba su hana zuwa asibiti ba. Wuta da aska ne na hana.

Kafin ranar ganin likita, ga ɗan aiki: ta rufe ido, ki riƙa shafa auduga daga kumatu zuwa tsakiyar haɓa, duk inda ta ce ta daina ji ki ɗiga alama da jagira, ki ɗauki hoto. Ku maimaita duk Juma'a. In da'irar tana tsukewa, jijiya na dawowa. Shayi da koko kuma ta fara gwada zafinsu a bayan hannu, ta riƙa duba cikin leɓen a madubi bayan cin abinci, don masu wannan matsala suna tauna leɓensu da tuwo ba su sani ba.

Mai kemis ya ce in riƙa yin allurar bitamin B kullum, jijiyar za ta yi saurin tashi. (Daga Gusau)

In jikinki ba ya da ƙarancinsa, ba abin da zai ƙara miki sai huda. Bitamin B6 ma in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiyoyi. Mai ciwon suga dai ya daidaita sugansa, mai shan taba ko shisha ya ajiye, waɗannan su ne ke jan warkewa baya.

Ni namiji ne, wata 2 da aikina, haɓar ba ta gama dawowa ba. Zan iya aske gemu? (Daga Jos)

Da almakashi ko injin aski, a gaban madubi. Reza tukuna. Da hunturu kuma ka riƙa shafa man kaɗanya a leɓen, in ba haka ba zai tsage ba ka ji ba.

Ina jin taɓi lafiya lau, amma in na yi dariya leɓen yana karkacewa gefe. Shanyewar ɓarin jiki ce? (Daga Maraɗi)

Jijiyar motsi daban, ta ji daban. Bayan aikin haɓa, kumburi ko taɓuwar naman wurin ko reshen jijiyar motsi na iya kawo wannan, kuma yawanci yana gyaruwa, amma likitanki ya gani da idonsa. In kuwa karkacewar ta zo farat ɗaya tare da nauyin hannu ko ƙafa ko sarƙewar harshe, wannan ba maganar haɓa ba ce, a tafi asibiti a wannan sa'ar.

Wata 7 ke nan, jin ya dawo amma wurin raɗaɗi yake kamar an zuba barkono, har iskar fanka ba na so. Ina shan tiramol. (Daga Bauci)

Ajiye tiramol ɗin nan ta hannun likita, kada ka wayi gari ka kasa rabuwa da shi. Wannan zogin jijiya ne, yana da magungunansa irin su gabafentin da amitiriftilin, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba. Ka je a duba ko robar na gugar jijiyar. Jijiya kan ci gaba da gyaruwa har shekara, wani lokaci fiye, amma raɗaɗi irin wannan ba a zama da shi a gida.

Likita, ni ba a yi mini aikin komai ba, ban cire haƙori ba, ban faɗi a babur ba. Haka kawai haɓata da leɓena na dama suka mutu, yau sati 2. (Wata uwa daga Katsina)

Hajiya, taki ta fi ta kowa gaggawa a yau. Mutuwar haɓa ba tare da dalili ba abu ne da ba ma wasa da shi. Yana iya zama ruɓewar saiwar haƙori ce kawai. Yana faruwa ga masu sikila lokacin da ciwon ya tashi, wani likita ɗan Ghana, Felix Konotey-Ahulu, ya bayyana haka tun 1972. Amma kuma wani lokaci shi ne alamar farko ta ciwon daji da ya taɓa ƙashin muƙamuƙi, musamman na mama ko na jini. Ban ce shi ne da ke ba. Na ce ki je babban asibiti cikin wannan makon, a duba bakinki, a ɗauki hoton muƙamuƙi, a gwada jini, kuma ko ba a tambaye ki ba ki ce a duba miki mama. In kin lura da rama, ko zufar dare, ko wani ƙullutu a wuya ko hammata, ki faɗa tun a ganin farko.