Tambaya da Amsa: Na Gaji da Jiran Kifin Wel a Hermanus, In Hau Kwalekwale Ne?

TAMBAYA: Salam Malam. Ina karatu a Cape Town, ina ɗan taɓa hoto. Na yi ta zuwa Hermanus, wani gari a bakin teku a Afirka ta Kudu, don in ɗauki hoton kifin wel amma kullum sai in dawo da hoton ruwa da wani baƙin abu can nesa, ga kuɗin mota ga lokaci. Wani ya ce in biya shi ya kai ni kusa da su a ƙaramin kwalekwalensa, wani abokina kuma ya ce in sayi diron (ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara) kawai. Gaskiya na fara karaya. Ko kyamarata ce matsalar?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka karaya, kuma in dai kana da lens da ya kai 300mm ko 400mm to kyamararka lafiyarta lau. Ka sa gudun shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) a 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, ka kunna ɗauka a jere, shi ke nan, wannan ɓangaren ba ya cin lokaci.

Maganar kwalekwalen nan ce ta dame ni, don kusan kullum sai na ji ta, wai hoto ba ya kyau sai ka matsa jikin dabbar. Wallahi wannan tunanin ɓarna yake yi. Dokar Afirka ta Kudu ta hana kowa kusantar wel ƙasa da mita 300 in ba shi da lasisi, ta ruwa ne ko ta sama, kuma wani yanki na Walker Bay, wato tekun da ke gaban Hermanus, ana rufe shi ma ga jiragen ruwa a lokacin haihuwar wel ɗin. Mutumin da ya ce zai kai ka, ka tambaye shi takardarsa, za ka ga ya fara kame-kame. Ranar da abu ya faru a cikin ruwa ba shi da abin ce wa iyayenka. Wel dabba ce mai tsawon kusan mita 15, nauyinta tan 40 zuwa sama, ba sai ta yi niyyar cutar da kai ba, juyi ɗaya da jela ya isa ya kife ƙaramin kwalekwale, ga ruwan wajen da sanyi mai kashe jiki cikin ɗan lokaci.

Sannan ka duba ita kanta uwar wel ɗin. Daga can tekun kudu kusa da Antatika take tasowa, ta shigo gaɓar nan wajen Yuni zuwa Nuwamba don ta haihu, kuma duk watannin nan kusan ba ta cin komai, kitsen jikinta take narkarwa tana shayar da ɗan. Duk sanda inji ya tunkaro ta ta ja ɗanta ta gudu, ƙarfin da za ta ba shi nono ne ta ƙona. Galibi sau ɗaya take haihuwa a shekara uku ko fiye. Irin wannan wel ɗin, wanda ake kira southern right whale, sai da aka kusa ƙarar da shi da farauta kafin a hana kashe shi a 1935, har yau bai gama farfaɗowa ba, masu bincike tun 1969 suke ƙirga su ta jirgin sama duk shekara, yanzu Jami'ar Pretoria ce ke gudanar da aikin. Sai wani don laik ɗin Facebook ya zo ya raba uwa da ɗanta? Haba. Masu koyar da wannan a TikTok ba su taɓa zama sun kalli uwa tana kewaye ɗanta cikin tsoro ba, da sun kalla da sun bari. Diron ɗin ma ka ajiye shi, dokar tazara ta shafe shi.

Kai da kake zuwa Hermanus ma ai ka samu gata, don wurin ya yi suna ne saboda wel ɗin su suke zuwa gindin dutse da kansu. Hanyar ƙafa ta bakin dutsen ta kai kilomita 12, amma kada ka yi ta zirga-zirga, nan ne yawancin mutane ke yin asara. Ka zaɓi wuri ɗaya, Gearing's Point ko Sievers Point, ka zauna tun da sassafe kafin iska ta tayar da ruwa, da rigar sanyi da abin sha, ka ba wurin yini guda. Satumba da Oktoba sun fi yawan su. Gaɓar tana kallon kudu, rana kuma a can ta arewa take bi, don haka tana bayanka, hasken na taimakonka.

Ka cire ido daga kyamara ka riƙa kallon ruwan. Feshin numfashinsu ya rabu biyu kamar harafin V, daga nan za ka gane inda yake da inda ya dosa. In ya yi tsalle ka rasa na farko kada ka tsaya duba allo, sau da yawa yana maimaitawa, ka saita wajen ka jira na biyu. Wani lokacin kuma sai ya ɗaga jela sama ya bar ta iska na turawa, wannan yana daɗewa har ka gyara saiti a tsanake. In ka ji mai busa ƙahon garin, wanda aikinsa sanar da bayyanar wel, ya busa, ka san an hango su. Kuma don Allah ka tsaya kan hanyar, duk dutsen da ka ga ya jiƙe igiyar ruwa ta kai wurin kuma za ta dawo, kada ka sauka kansa.