Tambaya da Amsa: Da wace kalmar Turanci ake rufe jawabi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An ɗora mini jawabin godiya a bikin yaye ɗaliban makarantarmu, kuma da Turanci zan yi shi. Da wacce zan rufe: "finally", "lastly", "at last" ko "conclusively"? A kunnena dai duk "daga ƙarshe" suke nufi.
Daga wata malamar firamare, Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ruɗanin daga nan yake: aikin da "daga ƙarshe" take yi ita kaɗai a Hausa, Bature ya raba wa kalmomi da dama.

"Lastly" ta jerin abubuwa ce. Kin gode wa shugaban taro, kin gode wa iyaye, sai ki ce "Lastly, I thank the pupils." "Finally" ma za ta zauna a wannan gurbin lafiya lau.

"At last" kuwa, ki yi nesa da ita a ranar. Furucin wanda ya gaji da jira ne, irin "sai yau!" da ake yi in an kawo wuta bayan kwana uku. Babban baƙo ya gama jawabinsa, ki karɓi makirfo ki fara da "At last", to kin faɗa wa jama'a cewa ya cika ku da surutu ke nan.

Wadda ta fi cin mutane ita ce "conclusively". Ana yawan jin ta a wuraren taro, ɗalibai ma suna rufe insha'i da ita, amma ba ta nufin "a kammalawa". Ma'anarta an tabbatar da abu da hujjar da ba ta bar shakka ba, kamar a "The test proved it conclusively." Abin da masu faɗarta suke nema shi ne "in conclusion". Ita ma da sharaɗi: sau ɗaya ake faɗarta, abin da zai biyo baya kuma taƙaitawa ce, jimla biyu ko uku, ba sabon batu ba. Mai cewa "in conclusion" ya ƙara minti goma, da gangan yake ɓata wa masu sauraro rai.

In za ki ce "last but not least", kada ki cusa "the" kafin "least", ko da kin saba jin haka. Tunda jawabinki na godiya ne, jerin sunaye ne, "finally" ta ishe ki.