Amsa ga Maman Abba kan gwajin da makaranta ta yi wa ɗanta

Maman Abba, wallahi sau uku na karanta tambayarki, sai da na ajiye waya na share hawaye. Kin ce makaranta ta kawo wani ya gwada yaronki ɗan shekara 7, aka ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ja, a mayar da shi baya ko ki canza masa makaranta, kina tambaya ko ki yarda da takardar. 'Yar uwa, kada ki sa hannu a komai tukuna. Ni ma an shayar da ni wannan ɗacin.

Nawa yana aji biyu lokacin, muna zaune a unguwar Rikkos a Jos. Ba a tambaye ni ba, ba a tambayi babansa ba. Da safe ne cikin sanyin Janairu, ko kokonsa bai shanye ba, aka shigar da shi ofis wajen mutumin da bai taɓa gani ba. Minti 20 aka yi, da Turanci zalla, ga yaron da Hausa ya tashi da ita. Amma ranar taron iyaye ce ta kashe min jiki. Shugabar makarantar ta ɗaga takardar a bainar jama'a, ta kira sunansa, ta ce ire-irensu ne ke ja wa makaranta baya. Yana tsaye jikin taga rungume da jakarsa. Muna cikin Keke za mu gida ya ce, "Umma, mene ne daƙiƙi?" Na rasa bakin amsawa. Wata biyu yana fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara 3. Matar nan ta san sarai sirrin yaro amana ce. Har yau in mun haɗu a kasuwar Taminus sai ta washe baki ta gaishe ni kamar ba ta yi komai ba, ni kuwa na bar ta da Allah.

A gida ma ban tsira ba, dangin miji suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Wata nas maƙwabciyarmu ce ta ce a fara duba kunne da ido. Muka je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ashe kunnensa na hagu ba ya ji sosai, sanadin ruwan da ya riƙa zubarwa yana ƙarami. Kuma a bencin baya ake zaunar da shi! Don Allah ki fara da wannan.

Masaniyar halayyar yara da muka gani daga baya zama uku ta yi da mu. Na farko ni kaɗai: yadda cikin ya kasance, ko ya yi shawara bayan haihuwa, yaushe ya fara tafiya da magana, ko zazzaɓi ya taɓa sa shi jijjiga. Ta aika wa malaminsa fom. Ita ta fahimtar da ni cewa gwajin basira irin WISC na 'yan shekara 6 zuwa 16 ne, yaro ɗaya ake zama da shi wajen awa guda, matsakaicin maki 100, kuma asalinsa da yaran Amurka aka auna shi, don haka yare kaɗai na iya kayar da namu. Ko maki ya gaza 70 ba a yanke hukunci sai an duba yadda yake sa kaya, yake zuwa aike, yake karɓo canji. Sai da na sa hannu ta taɓa shi, rahoton ma ba ta ba makaranta ba sai da yardata.

Ki koma ki tambaye su sunan gwajin, wa ya yi, ina shaidar karatunsa, wa ya ba su izini. Ki karɓi kwafi. In suka ce ƙiriniya ce irin ta ADHD, wato lalurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, ba a tabbatar da ita sai alamun sun kai wata 6 kuma ana ganinsu a gida da makaranta. Ki tafi da Baban Abba, ni kaɗai na je shi ya sa suka raina ni. Kuma kada a yi zancen nan a gaban yaron, ko da kakarsa ce, yana ji fa. Ki faɗa mana da wane yare aka yi masa gwajin.